Sai da Sallama Ake Shiga Gidan Mutane

Ina ɗan shekara bakwai ko takwas kakata ta aike ni gidan maƙwabta in karɓo mata rariya. Na sheƙa da gudu, na ratsa zaure, na faɗa tsakar gida na ce, "Wai a ba da rariya." Aka ba ni, na juyo. Ashe muryata ta haura katanga ta riga ni isowa. Kaka ba ta ko kalli rariyar ba. Ta ce, "Mayar musu. Ka tsaya a bakin zaure ka yi sallama, sai an amsa ka shiga. Ka durƙusa ka gaishe su, ka ce ina gaida su, ka tambayi jikin tsohuwa. Sa'an nan ka faɗi abin da ya kai ka." Na koma na yi yadda ta ce. A wannan karon sai da aka zaunar da ni, aka ba ni rariya, aka haɗa ni da ƙullin daddawa, aka kuma ba ni saƙon da ban samu a zuwan farko ba: a gaya wa Kaka tsohuwa kwana biyu ke nan ba ta iya cin abinci. Kafin la'asar Kaka ta dama kunu ta shiga duba ta.

Wannan aiken ya dawo mini a rai ranar da na raka gwaggona wani asibiti. Mun yi sammako, muka yanki kati, muka bi layi har rana ta take tsaka. Da aka kira ta, muka tarar da wani matashin likita, kansa a sunkuye yana rubutu, gajiya duk ta bayyana a fuskarsa. Gwaggo ta fara, "Likita ina wuni, yaya aiki, yaya..." Ya ce, "Mama, me ke damunki?" Ta ɗan yi jim, ta ce, "Kaina ne ke ciwo." Ya auna jininta, ya ce ya ɗan hau, ya rubuta magani, ya ce ta dawo bayan wata guda. Bisa ilimin da aka koya masa bai yi kuskure ba: jinin ya hau, maganin kuma na hawan jini ne. Sai dai abin da ya taso da Gwaggo daga gida wani ƙullutu ne da ta daɗe tana ji a nononta, ba ta gaya wa kowa ba. Da shi ta shiga, da shi ta fito. Likita ya karɓo rariyarsa, bai ji labarin tsohuwar da ke kwance a ɗaki ba.

Mara lafiya gida ne, gida kuwa irin namu: da ƙofa, da zaure, da tsakar gida, da ɗaki, da ƙuryar ɗaki inda ake ajiye abin da ba a so ido ya gani. Wani zai ce ai mara lafiya shi ya zo asibiti, shi ne baƙo. A ido haka ne, shi ya sa yake bin likita bashin shimfiɗar fuska, wadda ta fi ta tabarma. Amma abin da likita ke nema yana can cikin jikin mutum da zuciyarsa, a can kuwa likita ne baƙo, kuma baƙo ko da ido makaho ne sai masu gida sun nuna masa hanya.

Ƙofar gida

Ɗalibin likita a Najeriya yana shafe shekara shida a jami'a, ko a Zariya, inda aka buɗe tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, ko a Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, sa'an nan ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. A waɗannan shekarun gini yake koyo. Ya san ginshiƙai da azara, ya san inda magudanar ruwa ta bi, ya san wane bango ne in ya tsage rufin zai rufta. Ilimi ne mai nauyi, ba don shi ba da babu likita. Sai dai jikin da ya fara koyo a kansa, a shekarun farko, kango ne: mai shi ya tafi, babu mai amsa sallama, babu mai jin kunya in an yaye mayafi. Ranar da aka shigar da shi ɗakin marasa lafiya a asibitin Shika ko a Asibitin Malam Aminu Kano, kowane gado gida ne da mai shi a ciki. Sanin yadda aka gina gida daban, sanin yadda ake shigarsa daban.

Sallamar asibiti ba ta da tsada. Ka ɗaga kai daga takarda ka dubi mutum. Ka kira shi da abin da ya dace da shi, Baba, Inna, Malam, Hajiya, ba lambar gadonsa ko sunan cutarsa ba. Ka faɗi ko kai wane ne, in ɗalibi ne ka ce ɗalibi ne. Ka nemi izini. Sa'an nan, kamar kowane mai sallama, ka jira a amsa. Nan ne abin yake yawan ɓaci, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. A 1984 wasu masana biyu a Amurka, Howard Beckman da Richard Frankel, sun naɗi ganawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya. Suka tarar a matsakaicin lissafi sakan 18 kacal mutum yake samu yana bayani kafin likita ya katse shi, kuma ganawa 17 ne kaɗai a cikin 74 ɗin aka bar mara lafiya ya kai aya. Da wasu suka sake irin wannan bincike a 1999, sakan 23 suka samu. Wato an yi sallama, kafin mai gida ya sa takalmi ya taso an riga an banka ƙofa.

Zaure

Zaure wurin maganar da kowa zai iya ji ne. A nan ake zancen damina da farashin hatsi. Ba ƙarya ake yi a zaure ba, amma ba a nan ake kwance ƙulli ba. Abin da mara lafiya ya fara faɗa sau da yawa maganar zaure ce: ciwon kai, kasala, zazzaɓi. Gwaji yake yi, yana duban fuskar baƙonsa ya ga ko irin wanda ake shiga da shi ciki ne.

Babbar maganar zaure a wurinmu ita ce "da sauƙi". Ka tambayi Bahaushe yaya jiki, ko kwana ya yi yana murƙususu, zai ce maka, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Godiya ce ga Allah, dauriya ce, kara ce ga mai tambaya. Ɗalibin da ya ji haka ya rubuta cewa jiki ya yi kyau ya ɗauki gaisuwa a matsayin rahoto. Wanda aka koya masa aiki zai amsa da "Allah ya ƙara sauƙi", sa'an nan ya gyara zama ya ce, "Inna, jiya da dare kin samu barci? Kokon da aka kawo kin shanye? Da kanki kika tashi kika yi alwala ko sai da aka riƙe ki?" Waɗannan tambayoyi ne da ake iya amsawa da gaskiya ba tare da mutum ya ji ya yi wa Ubangiji butulci ba.

Haka nan akwai tambaya mai buɗe ƙofa da mai rufe ta. "Kina amai? Kina zawo? Kina tari?" tana da ranarta, amma in da ita aka fara, sai mara lafiya ya koma e da a'a, ya daina ba da labari. "Ba ni labari tun daga farko" ita ce tabarma. "Sai kuma me?" ita ce ruwan baƙo. Shiru ma aiki ne: ɗan tsayawar da Gwaggo ta yi kafin ta ce kanta ke ciwo, a nan ne ƙofar ta ɗan buɗe, babu wanda ya lura.

Tsakar gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1975 John Hampton da abokan aikinsa a Ingila suka bi diddigin sababbin marasa lafiya 80. A cikin 66 daga ciki, an gano cutar tun daga takardar turowa da bayanin da mutum ya yi da bakinsa, kafin a taɓa shi ko a ɗebi jininsa. Duba jiki ya warware bakwai, gwaje-gwaje suka warware bakwai. A ƙasar da kuɗin gwaji ɗaya kan cinye cefanen mako, kunnen likita shi ne na'urar da talaka ba ya biya.

Amma bayanin ciwo bai tsaya ga ciwo ba. In ka shiga tsakar gida za ka ga murhu, ka ga rumbu, ka ga wa ke da girki, wa ke da magana. George Engel, likita a Jami'ar Rochester ta Amurka, ya yi kira a 1977 cewa a daina duban cuta a matsayin lalacewar sassan jiki kawai, a haɗa ta da halin zuciyar mutum da irin zaman da yake yi da jama'arsa. Kakata ba ta san sunansa ba, amma in an ce mata wance ta rame, tambayarta ta farko ita ce, "Lafiya suke zaune da maigidan?"

Ɗalibi sai an koya masa leƙa tsakar gida da ladabi. Wa zai biya kuɗin maganin nan? Matar nan za ta iya dawowa ba tare da izinin maigida ba? Mai ciwon suga da aka hana tuwo da shinkafa, tukunya ɗaya ake ɗorawa a gidansu, to me zai ci? Amaryar da ta zo da faɗuwar gaba da rashin barci, me ya faru a gidan a watannin nan? Mutanenmu ba kasafai suke cewa suna da ciwon damuwa ba. Sukan ce kansu yana zafi, wani abu yana musu yawo a jiki, abinci ba ya musu daɗi. In ɗalibi bai san wannan harshe ba, zai ba da maganin maleriya, in bai yi ba a ce taifot, in bai yi ba a ce olsa, alhali ɗan fari ne ya rasu bara, uwar kuma kunya ta hana ta kuka a gaban mutane.

A ƙasar nan ma an yi wanda ya fahimci haka tun da wuri. A 1954 Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta: masu taɓin hankali su zauna a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti karɓar magani, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Bai raba mara lafiya da tsakar gidansa ba. Daga baya ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ƙuryar ɗaki

Ba kowane baƙo ke kaiwa nan ba, wanda ya kai kuwa sai ya iya takunsa. Harshen ƙuryar ɗaki harshen sakaye ne. Mace ta ce tana fashin salla, ta ce ta yi ɓatan wata, ta ce matsalar mata ce. Namiji ya ce basir ke damunsa, alhali ƙarfinsa ne ya ragu yake jin nauyin faɗa. Kalmar sanyi kaɗai tana ɗauke da cututtuka da yawa, daga ciwon gaɓoɓi har zuwa wanda ake ɗauka ta saduwa. Haka shawara, haka daji. Ɗalibi ya yi karatunsa da Turanci, a Yamai ko Damagaram da Faransanci, amma aikinsa da Hausa zai yi shi, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Zabarmanci. Bai kamata a bar shi ya tsinci wannan harshe a bakin gado bayan ya sha tuntuɓe ba. A koya masa ya ce, "Baba, in ka ce sanyi, me kake ji, kuma a ina?"

A koya masa kuma ya duba wa ke tsaye a wurin. Ranar da na raka Gwaggo, zamana a ɗakin ya ƙara ɗaure mata harshe: ta yaya za ta ambaci nono a gaban ɗan ƙaninta? Da an ce mini, "Malam, ɗan ba mu wuri," da na fita da farin ciki. Haka Bafulatanar da aka sa ɗanta ya yi mata tafinta, rabin maganar a cikinta za ta koma ruga. An ce ranar wanka ba a ɓoye cibi, gaskiya ne, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wanka ba. Labule, da mayafi, da ma'aikaciyar jinya a tsaye in namiji zai duba mace, da faɗin abin da za ka yi kafin hannunka ya sauka, duk cikin magani suke.

A ƙuryar ɗakin ne kuma ɗalibi zai ci karo da kwalbar rubutu, da ƙullin sassaƙe, da ragowar ƙwayoyin da aka saya a kemis. Baƙon kirki ba ya shiga ɗakin mutum ya fara kushe kayan ɗaki. In ka yi tsawa ka ce wa ya ce ku ba shi wannan, ba za a daina ba shi ba, gaya maka za a daina yi. Likita kuwa yana da bukatar ya sani, domin akwai jiƙon da ke taɓa ƙoda ko hanta, akwai wanda ba ya jituwa da maganin asibiti. "Kafin ku zo, me kuka gwada a gida?" in an yi ta da sakin fuska, takan fito da komai. Wanda ya ce sammu aka yi masa, tsoronsa na gaske ne ko da fassararsa ta saɓa da ta likita, kuma ana iya cewa ya ci gaba da addu'arsa ya haɗa da shan magani.

Abin da ka gani a ƙurya kuma a nan zai tsaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sakamakon gwajin mutum ba labarin da za a faɗa a baranda ba ne, balle a ɗauki hotonsa a waya a tura wa abokai.

Saƙo mai nauyi

A gidajenmu ba a aiken yaro da labarin rasuwa. Dattijo ake nema. Ya zo ya yi sallama, ya zauna, ya gaisa, ya tambaya yaushe rabonka da jin labarin wane. Ya ce jikin nan fa ya matsa masa. Ya dubi fuskarka, ya bari maganar ta zauna, sa'an nan ya ce sai haƙuri. Ba ya tashi sai ya ga ka dawo hayyacinka, kuma sai ya faɗi lokacin jana'iza.

A shekarar 2000 Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu, likitocin da ke aiki da masu ciwon daji a Amurka da Kanada, suka tsara matakai shida na isar da mummunan labari, waɗanda yanzu ake koyarwa a makarantun likitanci da dama: a nemi wuri mai sirri a zauna, a ji abin da mutum ya riga ya sani, a tambaye shi iya abin da yake so ya ji, a faɗa masa kaɗan-kaɗan da harshen da zai gane, a tsaya tare da shi a cikin kukansa ko shirunsa, a ƙare da abin da za a yi nan gaba. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo ya kai saƙon mutuwa zai gane tafiyar. Ɗalibanmu sun taso suna ganin wannan, abin da ya rage a nuna musu cewa wurinsa bai ƙare a ƙofar asibiti ba.

Sai dai akwai inda al'adarmu take bukatar gyara. Dangi kan ja likita gefe su ce, "Don Allah kada a gaya masa." Ƙauna ce ta sa su, amma gidan nasa ne. Mutum yana da bashin da yake so ya biya, da wasiyyar da yake so ya bari, da wanda yake so ya nemi gafararsa. Ɗalibi sai ya koyi girmama dangi ba tare da ya zalunci mai jikin ba, ya tambaye shi, "Baba, kana so in yi maka bayanin abin da muka gani, ko da yaranka kake so mu yi maganar?" Ya kuma koyi cewa magana zarar bunu ce. "Babu abin da za mu iya yi, ku koma gida" takan zauna a zuciyar iyali shekara da shekaru, alhali ko cuta ta ƙi warkewa akwai rage raɗaɗi, akwai gyara kwanciya, akwai sauƙaƙa numfashi.

Rakiya

Wa bai san baƙon da zai wuni ana hira, sai an rako shi bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Dama wata 'yar magana ce ta kawo ni"? Haka mara lafiya yake. Sai ya miƙe, ya gyara mayafi, ya kama ƙofa, sa'an nan ya ce, "Likita, af, na manta." Bai manta ba, ƙarfin hali yake tarawa. Likitan da ya riga ya ƙwala wa na gaba kira ya rasa ainihin abin da aka zo da shi.

A rakiya ne kuma ake ba da saƙo, kuma kowace uwa ta san yadda ake ba yaro saƙo: in ta gama sai ta ce, "Me na ce ka ce?" Wani nazari da Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya nuna marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na bayanin likita nan take, abin da suka riƙe ma kusan rabinsa a karkace. "Ka gane?" ba tambaya ba ce a wurin mai kara, "na gane" zai ce. A maimakon haka a ce, "Malam, in ka koma gida uwargida ta tambaye ka yadda za ka sha, me za ka ce mata?" A ɗaura shan magani a kan abin da mutum ba ya mantawa: bayan Asuba, bayan Azahar, da lokacin kwanciya. A gaya wa mai tarin fuka cewa zai ji sauƙi tun kafin wata shidan su cika, kuma a nan ne haɗarin dainawa yake. A gaya wa mai hawan jini cewa ba a ajiye maganin don kai ya daina ciwo. A yi maganar azumi da mai ciwon suga tun cikin Sha'aban.

Yadda ake koya wa yaro aike

Akwai masu cewa wannan hali ne, wani an haife shi da shi, wani babu. Kakata ba ta yarda da haka ba, shi ya sa ta mayar da ni. Aike koyonsa ake yi: a haɗa ka da yayanka ka gani, a tura ka kai kaɗai ana saurare, ka dawo a gyara maka, gobe a sake tura ka.

Haka masu koyar da likitanci suka gano. A 1963 Howard Barrows a Kalifoniya ya fara horar da lafiyayyun mutane su kwaikwayi marasa lafiya, domin ɗalibi ya yi kuskurensa a inda ba zai cutar da kowa ba, kuma wanda ya yi kwaikwayon ya gaya masa yadda ya ji. A 1975 Ronald Harden a Dundee ta Sikotland ya fito da jarrabawar tasha-tasha, inda ɗalibi ke zagayawa ana kallon aikinsa ana ba shi maki. A 1996 Suzanne Kurtz da Jonathan Silverman suka tsara jagorar ganawa da mara lafiya tun daga gaisuwa har sallama. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke bukatar injin miliyoyi. Ɗaki ne, da kujeru biyu, da malami mai lura, da wayar da za a ɗauki ɗalibi ya kalli kansa. Ƙasar Hausa kuwa ba ta rasa 'yan wasan kwaikwayo ba. Abin da nake roƙo shi ne a yi wannan atisaye da harshen marasa lafiya, da "da sauƙi" ɗinsu da sakayensu, kuma a sa shi cikin jarrabawar da ake faɗuwa, domin abin da ba a ba maki ɗalibi ba ya ba shi dare.

Babban malami kuwa shi ne abin da ɗalibi ke gani. In an koya masa ladabi a aji da safe, da hantsi ya bi babban likita zagaye ya ga an yaye zanin tsohuwa ba izini, ana magana a kanta da Turanci kamar ba ta nan, na hantsin zai ɗauka. Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa a Filadalfiya sun bi wasu ɗalibai tun shigarsu har fitarsu, suka wallafa a 2009 cewa tausayinsu ya fi raguwa a shekara ta uku, shekarar da suka fara aiki da marasa lafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi nan zai bushe.

Na san uzurin da za a kawo, kuma uzuri ne na gaskiya: layi har waje, likita ɗaya, ya kwana a tsaye, abokan karatunsa da yawa sun tafi ƙasashen waje. Yaushe za a yi doguwar gaisuwa? A 2002 likitoci a Basel ta Suwizalan suka gwada barin marasa lafiya su yi bayani ba katsewa. Matsakaicin lokacin da suka ɗauka sakan 92 ne, kashi 78 cikin ɗari sun gama kafin minti biyu. Minti biyu bai kai zuwa asibiti sau uku da Gwaggo ta yi tana karɓar maganin hawan jini ba.

Shi ma baƙon yana da nasa gidan. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ya ga mutuwar jariri karon farko, in babu wanda ya zaunar da shi ya ce yaya ka ji, zai koyi rufe ƙofarsa, wanda ya rufe tasa kuwa ba ya iya buɗe ta wani. Michael Balint, wanda ya yi aiki a Landan, ya riƙa tara likitoci su tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai, kuma a littafinsa na 1957 ya nuna cewa likita shi kansa magani ne da ake sha, yana da ƙa'ida, yana da illa in an yi kuskurensa. Ɗalibanmu suna bukatar irin wannan zama, suna bukatar dattijon da za su kai wa kukansu.

A zuwa na huɗu wata ɗaliba ce ta fara ganin Gwaggo kafin babban likita. Ta ja kujera kusa, ta ce, "Inna, sannu da zuwa. Daga ina? Kun sha hanya. Ni ɗaliba ce, in kin yarda zan fara jin bayaninki." Ta dube ni ta ce, "Yaya, ko za ka ɗan jira mu a waje?" Na fita. Sun fi minti goma. Da aka buɗe ƙofa idon Gwaggo ya yi ja, amma kafaɗunta sun sauka kamar wadda aka sauke wa tulu. Aka yi gwaje-gwaje, aka yi mata aiki, ta sha doguwar jinya, Allah ya ƙara mata shekaru tare da mu.

Bayan an sallame ta na tambaye ta, "Gwaggo, me ya sa kika gaya wa yarinyar nan abin da kika ɓoye wa kowa?" Ta ce, "Ai ita ta zauna."